Layin dogo a maimakon mashigin ruwa

Galibin kayayyakin da ƙasashen duniya ke cinikinsu ta ruwa ake jigilarsu, kuma wani kaso mai yawa na bi ne ta mashigai biyu da ɗan Adam ya haƙa: Suez a Masar, wanda aka buɗe a 1869, da kuma Panama, wanda aka buɗe a 1914.

A watan Maris na 2021, jirgin ruwan dakon kaya na Ever Given ya maƙale a Suez har tsawon kwana shida, inda ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A 2023 kuma, fari ya rage ruwan tafkin Gatun, abin da ya sa hukumomin Panama suka rage jiragen da ke ratsawa a kullum daga kimanin 36 zuwa ƙasa da 25.

Irin waɗannan matsaloli ne suka farfaɗo da shawarar shimfiɗa layin dogo tsakanin tashoshin jiragen ruwa biyu: a sauke kwantenoni a wannan gaɓa, jirgin ƙasa ya kai su waccan, wani jirgin ruwan ya kwashe.

Inda ake batun

Mekziko ce ta fi nisa. A watan Disamban 2023, shugaban ƙasar na lokacin, Lopez Obrador, ya ƙaddamar da layi mai tsawon kimanin kilomita 300 daga Coatzacoalcos ta ɓangaren Atlantika zuwa Salina Cruz a gaɓar Pasifik. Layin dai ba sabo ba ne. Ya yi tashe tun daga 1907, amma ya durƙushe bayan buɗe mashigin Panama.

A 2012, majalisar ministocin Isra'ila ta amince da layin da zai haɗa Eilat a Bahar Maliya da Ashdod a Bahar Rum, sai dai ba a gina shi ba. Ita ma Kolombiya ta tattauna da China a 2011 kan layin da zai yi gogayya da Panama, amma maganar ba ta kai ga aiki ba.

A Tailan, gwamnati ta gabatar da shiri a 2023 na haɗa Chumphon da Ranong, tazarar kimanin kilomita 90, domin jirage su kauce wa mashigin Malaka.

Ina gizo ke saƙa?

Babbar matsalar ita ce yawan kaya. Babban jirgin ruwa kan ɗauki kwantena sama da 20,000, alhali jirgin ƙasa 'yan ɗaruruwa yake ja. Ke nan kayan jirgi ɗaya sai an yi sawu da dama.

Ga kuma sauke kaya da sake lodi a tashoshi biyu, wanda ke cin lokaci da kuɗi, sannan dole a samu wani jirgin yana jira a ɗaya gaɓar.

Don haka layin dogo ya fi amfani wajen rage cunkoso a lokacin fari ko rikici, yayin da manyan jirage ke ci gaba da dogaro da mashigan.