Annoba da Zubewar Gashi: Ina Tarihi Ya Kai Mu?

Idan ka ga wani fili mai girman kwabo a kan yaronka, sumul babu ko silin gashi, tambayar farko ita ce: a ina ya ɗauko? Likitoci ma sun daɗe suna wannan tambaya.

Celsus, marubucin Rum, ya siffanta ciwon tun ƙarni na farko miladiyya, kuma a ƙarni na 18 likitan Faransa Sauvages ya raɗa masa suna alopecia areata. A 1843 David Gruby ya gano ƙwayar naman gwari a kawunan masu zubewar gashi a Paris, sai aka gwama ciwon da makero, aka shafe shekaru ana ɗaukarsa mai yaɗuwa, ana ƙyamar masu shi babu dalili. Sai a ƙarni na 20 aka fahimci cewa garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa saiwar gashinsa. Ba a ɗauka, ba a shafa wa wani.

To, ina annoba ta shigo? Bayan murar 1918 likitoci sun ga waɗanda suka warke suna zubar da gashi. Wannan nau'i ne daban, wanda Albert Kligman ya bayyana a 1961: zazzaɓi mai zafi kan tsayar da tsirowar gashi, bayan wata biyu zuwa uku sai ya yi ta zuba daga ko'ina a kai, daga baya kuma ya dawo da kansa. Yawancin abin da aka gani bayan korona irin wannan ne.

Amma akwai ragowa. Wani bincike daga Koriya ta Kudu, da mujallar JAMA Dermatology ta buga a 2024, ya nuna cewa alopecia areata ta fi bayyana a cikin waɗanda suka kamu da korona. Jiki kan saki sinadarin intaferon don yaƙar bairos, shi kuma yana iya tone saiwar gashi ga garkuwar da a da ba ta kula ta, musamman ga mai gadon ciwon. Bairos ɗin tsokana yake yi, ba shi ne ciwon ba.

Don haka ka duba yanayin zubar: ko'ina ne, ko fili-fili? Akwai ɓawo da ƙaiƙayi irin na makero? Ka kuma gaya wa likitan fata lokacin da aka yi zazzaɓi na ƙarshe. Baricitinib, maganin da aka ba masu korona mai tsanani a asibiti, shi ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Yunin 2022 don alopecia areata mai tsanani ga manya.