Midil

Dattijon da ya ce maka ya yi Midil, ba ƙaramar magana ya faɗa ba. Kalmar daga Turanci aka aro ta, ma'anarta tsakiya. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su cunkushe a ƙarshen kalma, sai ya cusa wasali tsakaninsu, ta koma midil.

Tsakiyar me? Tsakanin Elemantare, inda ake koyarwa da Hausa, da Kwalejin Katsina. A wajajen 1930 Turawa suka tsara makarantun Midil a Arewacin Najeriya, kusan kowane lardi ɗaya tak, na kwana, En'e, wato hukumar gargajiya, ke ɗaukar nauyinsu. A nan yaro ke shiga Turanci gadan-gadan, tare da lissafi, tarihi, labarin ƙasa da darasin addini. Kaɗan ne ke zarcewa kwaleji; sauran su kama aikin malanta a ofisoshin En'e.

Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano kuwa sun koyar a ta Bauchi. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙanƙantar ƙofar: lardi guda, makaranta guda, ita ma ta maza zalla.

A shekarun 1950 aka mayar da su sakandaren lardi, sunan ya fara dusashewa. Ta Kano ce Kwalejin Rumfa a yau, ta Zariya kuma Alhudahuda.