Kogin Haɗeja da taswirar da ke saurin tsufa

Lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, Malam Madori ta zama tashar ƙasar Haɗeja. Masu safiyo sun auna hanyar, suka zana ta a takarda, har yau kuma zanen yana nan daidai, domin ƙarfe ba ya ƙaura. Kogin Haɗeja da ke kudu da garin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yana shiga fadama sai ya rarrabu, kowace damina da inda yake malala.

Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 sun ƙara dagula lissafin. Ruwa ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe rassan kogin. Reshen Marma mai nufar Nguru ya cika ya batse, na Burum Gana ya ƙafe. Wani manomin gonarsa ta nutse, wani tasa ta bushe, taswirar ofis kuwa ba ta nuna ko ɗaya ba.

Irin wannan matsala ce GIS ke warwarewa, wato tsarin jera bayanan ƙasa a kwamfuta hawa-hawa: ruwa, gonaki, burtali, ƙauyuka, a kwatanta bana da bara. Roger Tomlinson ne ya aza harsashinsa a Kanada cikin shekarun 1960. A Nijeriya, cibiyar koyar da safiyo daga sama ta buɗe a Ile-Ife a 1972, Jami'ar Ibadan ta fara digiri na biyu a fannin a tsakiyar shekarun 1990, sannan aka harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. Sassan labarin ƙasa na jami'o'in Zariya da Kano su ma suna koyar da shi.

Jigawa ta samu jami'a a Dutse a 2011, da wata a Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja, a 2013. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna abin da ake buƙata daga gare su. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna inda ruwa ya kwanta, amma ba zai faɗi gonar wane ce ba, ko burtalin da makiyaya ke bi. Wannan sai ɗalibin da ya iya kwamfuta, ya kuma san fadamar da ƙafarsa. Idan aka horar da shi a nan, hakimi zai iya sanin ƙauyen da za a fara kwashewa tun ruwa bai iso ba.