Kame da Magani: Ƙanjamau, Ciwon Sanyi da Tsarin Haihuwa Tsakanin Mata Masu Zaman Kansu a Fagge da Sabon Gari

Titin Ibrahim Taiwo hanyar kuɗi ce. Daga Kantin Kwari zuwa Singa, daga nan a gangara kasuwar Abubakar Rimi da tashar manyan motoci ta New Road, kullum garin Allah ya waye dubban maza ne ke shigowa: fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru, direbobi, 'yan dako, dillalai, da yaran shago. Da yawansu sun baro iyali a nesa, da kuɗi a aljihu, kuma dare zai yi musu a masauki. Wannan yanayi ya girmi titin kansa. Fagge zangon ayari ce tun kafin zuwan Turawa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi. Tun daga lokacin, duk inda baƙi suka sauka a wannan yanki akwai matan da ke zaman kansu a kusa.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, yadda Kano ke tafiyar da al'amarin waɗannan mata, wato kame da kora da rufe gidaje, bai rage haɗarin ƙanjamau ba, ya dai ɓoye shi daga idon ma'aikatan lafiya. Wadda ke biyan kuɗin wannan ɓoyo kuwa sau da yawa matar aure ce da ba ta taɓa taka Sabon Gari ba.

A fara da alƙaluma. Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. A Arewa maso Yamma adadin kashi 0.6 ne kacal. Mai karanta wannan zai iya cewa Kano ta tsira. Amma akwai wani jerin binciken, IBBSS, wanda ke bin rukunonin da suka fi shiga haɗari. A zagayensa na 2007, wanda Kano na cikin wuraren da ya shafa, kashi 37.4 na matan da ke zaune a gidajen karuwai suna ɗauke da ƙwayar, a Kano kuwa kusan rabinsu ne. Adadin ƙasa ya sauko zuwa kashi 27.4 a 2010, ya kai 19.4 a 2014. Zagayen 2020 ya sami kashi 15.5 a tsakanin mata masu zaman kansu. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, cutar a wajenmu ba ta bazu daidai-wa-daida ba, ta taru ne a 'yan wurare, har ta ninka na sauran jama'a fiye da sau goma. Na biyu, ta sauka, kuma ta sauka ne a shekarun da aka riƙa kai kwaroron roba da gwaji da magani har ƙofar ɗakin waɗannan mata.

Yaya aka riƙa isa gare su? A nan tarihin zamantakewa yake da amfani. Renée Pittin, wadda ta yi nazarin gidajen mata a birnin Katsina, da Abner Cohen a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, da Barbara Cooper a aikinta kan aure a Maraɗi, duk sun nuna abu guda: zaman kai a ƙasar Hausa yawanci zango ne tsakanin aure da aure, kuma yana da tsari. Akwai gida sananne, akwai magajiya da ake jin maganarta, ita ke sasanta rigima, ita ke tara gudummawa idan wata ta kwanta ciwo. Ga ma'aikacin lafiya wannan tsari ƙofa ce. Idan magajiya ta yarda, gida ya yarda. Idan ta ce ba a shiga ɗaki sai da roba, namijin da aka ƙi a ɗaki na farko ba zai samu a ɗaki na biyu ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisba a 2003, yawancin irin waɗannan gidaje a unguwannin Hausawa sun watse, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009. Wasu matan sun yi aure, wasu sun bar jihar, wasu sun matso Sabon Gari inda otal-otal da mashayu suka ci gaba da aiki. Sannan wayar hannu ta zo ta ƙarasa sauyin. Yau yarinya na iya zama a ɗakin haya a kowace unguwa, ko ma a gidan iyayenta, a daidaita a WhatsApp, mai adaidaita ya kai ta masauki ya dawo da ita. Ba ta da magajiya, ba ta da abokan zama da za su ji ihunta, ba ta kuma ɗauki kanta a cikin waɗanda ake yi wa wa'azin ƙanjamau ba. Sana'ar tana nan, adireshin ne ya ɓata.

Kame yana da wata illar da ba a cika lissafawa ba. Maganin ƙanjamau na yau, wanda ke ɗauke da dolutegravir, ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda ya dage da sha har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Sharaɗin shi ne kada a yi fashi. To ga mace ta karɓo maganinta daga asibiti, ta juye shi daga robarsa zuwa wata 'yar leda don kada maƙwabciya ta gane, ta tura ƙarƙashin katifa. Cikin dare aka yi dirar mikiya, aka tafi da ita da zanen da ke jikinta. Ba za ta buɗe baki a gaban jami'i da sauran mata ta ce a ɗauko mata magani ba, domin faɗin hakan tonon asiri ne da zai bi ta har bayan an sake ta. Kwanakin da za ta yi a tsare kwanakin fashi ne. Idan kuma aka mayar da ita garinsu, katinta ya rage a Kano. Kathryn Rhine, a littafinta na 2016 kan mata masu ɗauke da cutar a Arewa, ta nuna yadda rufin asiri yake daidai da rai a wajensu. Duk tsarin da ya tilasta wa mace zaɓi tsakanin asirinta da maganinta, asirin za ta zaɓa. Haka nan idan jaridu suka buga cewa an kama mata kaza, an gwada su, kaza suna da cutar, saƙon da ya isa ga sauran shi ne gwaji hukunci ne.

Sai batun kwaroron roba, inda alƙaluma ke iya yaudarar mai bincike. Idan aka tambayi matan ko sun yi amfani da roba da baƙon da ya zo na ƙarshe, mafi yawa za su ce e, kuma galibi gaskiya suke faɗa. Ɓarakar tana wuri biyu. Ɗaya shi ne ciniki: namiji ya ce, "Zan ninka miki, a bar robar nan." Wadda mai otal ke jiran kuɗin ɗaki a wajenta da safe, ga yaro a wajen kaka a ƙauye ana jiran aike, ba ta da ƙarfin cewa a'a kamar wadda ta ƙoshi. Ɗayan kuma, wanda ya fi girma, shi ne dadiro. Da shi ba a sa roba, domin sawa na nufin shi ma baƙo ne, ita kuwa tana fatan wata rana ya aure ta ta huta. Shi kuma sau da yawa yana da mata a gida, wataƙila da wata dadiron a wani gari. Ta wannan siririyar hanya ce cuta ke fita daga ɗakin otal ta shiga ɗakin amarya. Shi ya sa maganin riga-kafi da ake kira PrEP yake da muhimmanci: mace na sha ba sai ta nemi yardar kowa ba. Allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, ta fi dacewa da rayuwar da ba ta da tabbas ɗin inda za a kwana gobe.

Ciwon sanyi kuwa asibitinsa kemis ne. Mu Hausawa mun tara cututtuka da yawa a ƙarƙashin wannan suna, daga wanda ba ruwansa da jima'i har zuwa tunjere, don haka mace na iya cewa "sanyi ke damuna" ba tare da kunya ba, mai kemis ya ƙirga mata kafso na kwana biyu daidai kuɗinta. Wasu ma suna haɗiyar Ampiclox bayan kwanciya da zaton yana wanke cuta ya kuma hana ciki. Ba ya yin ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Gyambon da tunjere ke haifarwa kuma yana buɗe wa ƙanjamau hanya, kuma a jikin mace yawancin waɗannan cututtuka ba sa nuna alama sai sun toshe hanyar haihuwa. Wadda ta bar bariki ta yi aure ta kasa samun ciki, a al'adarmu mun san yadda auren yake ƙarewa, da kuma inda take komawa.

Wannan ya kawo mu ga tsarin haihuwa. Binciken NDHS na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari ne kawai na matan aure a Najeriya ke amfani da hanyoyin zamani, kuma Arewa maso Yamma ta gaza hakan sosai. An gina sashen tazarar haihuwa a asibitocinmu ne domin matar aure, inda akan tambayi ina maigida. Mace mai zaman kanta ba ta da amsa, sai ta koma ga maganin hana ɗaukar ciki na Postinor, wanda aka yi domin gaggawa cikin awa 72, ta mai da shi na kullum. Idan ciki ya shiga, dokar Penal Code ba ta halatta zubarwa ba sai don ceton ran uwa, don haka sai a bi ta bayan gida; cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012. Ga shi kuwa hanyoyin suna nan: allurar wata uku, ashanar fata mai shekara uku zuwa biyar, robar mahaifa. Tsoron da aka daɗe ana yi cewa allura na ƙara haɗarin kamuwa, gwajin ECHO na 2019 a ƙasashe huɗu na Afirka bai sami wani babban bambanci tsakanin hanyoyin uku ba. Sai dai babu ɗayansu da ke tare cuta, don haka roba da ɗaya daga cikinsu tare ake buƙata. Zargin da jama'a ke yi wa duk abin da ya zo kyauta daga waje shi ma ba daga sama ya faɗo ba: a Asibitin Zana da ke France Road, cikin wannan yanki, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a lokacin sanƙarau na 1996. Inda aka taɓa cin amana, sai bakin wanda aka sani ake ji, shi ya sa tsohuwar 'yar bariki da aka horar ta fi baƙon likita tasiri.

Za a ce, kuma masu faɗa ba jahilai ba ne, kai wa mazinaciya roba taimako ne a kan saɓo. Zina haramun ce, babu mai jayayya. Amma malaman usulu sun sanya kare rai da kare zuriya cikin manyan manufofin shari'a, kuma sun yarda cewa idan ɓarna biyu suka haɗu ana kauce wa babbar. A nan babbar ita ce matar da ke cikin kulle ta kamu, jaririnta ya sha a nono. Shari'ar da ta tsananta sharaɗin shaidu huɗu, ta kuma kwaɗaitar da suturta Musulmi, ba ta rasa wurin da za ta ajiye likitan da ke rufa asirin majinyaci ba. Senegal, ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne, tun 1969 take yi wa irin waɗannan mata rajista tana duba lafiyarsu, kuma yawan masu cutar a can ya zauna ƙasa da kashi 1. Ba na kiran Kano ta kwafi wannan. Ko a can mata da yawa suna gudun rajistar. Abin ɗauka shi ne an raba aikin asibiti da aikin ɗan sanda.

Kano kanta ta riga ta amince da rabin hujjar. Tun auren zawarawa na 2012 Hisba ke sharɗanta gwaji, haka aka yi wa ma'aurata 1,800 a 2023, sannan a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwaji kafin aure. Mataki ne mai kyau, amma yana tsaron ranar ɗaurin aure ne kawai. Mijin da ya fito lafiya ranar Juma'a, babu dokar da ke bin sa masauki bayan shekara biyu.

Lokaci kuma ya ƙure. Yawancin aikin da ake yi da waɗannan mata kuɗin shirin PEPFAR na Amurka da asusun Global Fund ne, kuma da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, riga-kafin rukunonin da ke cikin haɗari na cikin abin da ya fara tsayawa. Don haka ina kira ga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha, KSACA, da Ma'aikatar Lafiya da Hisba su zauna su rubuta ƙa'ida: duk wadda aka tsare a tambaye ta a keɓe, ta bakin ma'aikaciyar lafiya mace, ko tana shan wani magani, a kuma kawo mata, kada a yi gwaji sai da yarda, kada a bayyana sakamako, kamar yadda dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta tanada, kada roba a jaka ta zama shaidar laifi. A buɗe sashe na yamma a Asibitin Zana da asibitocin Fagge inda mace za ta sami gwaji, maganin sanyi da tsarin haihuwa a zama ɗaya, ba tare da an tambaye ta takardar miji ba. A sa kuɗinsa a kasafin jiha na shekara mai zuwa.