Agogon da ya auna wa rake hawan jini (zare 🧵)

1/ Bara da damina na je gida Matazu da wani agogon zamani da na saya a kasuwar waya, irin mai arahar nan da ake cewa yana auna hawan jini. Na ɗaura wa Kawuna, ya nuna 120/80. Na ɗaura wa ƙanena, 119/80. Don tsokana na ɗaura wa karan rake. 118/79. Rake ma lafiyarsa ƙalau 😭

2/ Muka sha dariya. Bayan wata biyu aka kira ni ina makaranta: Kawu ya faɗi a gona ana karyar masara. Hannu da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace. Da aka auna shi a asibiti, lambar sama ta haura 200.

3/ Wasu a gida suka ce iska ce ta shafe shi. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya yi shekaru a jikinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar Kawu ranar da na gwada masa agogon: "Ka gani ko, ɗan nan? Na ce muku garau nake." Da hannuna na ba shi shaidar zur.

4/ Tun daga nan na shiga karanta tarihin awon jini, don in san ko agogo na iya ceton mutum. Ga abin da na samu. Ku yi haƙuri, zaren da ɗan tsawo.

5/ A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa gwajin da ya yi. Ya ɗaure goɗiya, ya huda jijiyarta, ya jona doguwar kwalba siririya. Jini ya hau cikinta sama da ƙafa takwas, yana hawa yana sauka da bugun zuciya. Awon farko ke nan. Amma wa zai yarda a yi masa haka?

6/ Sai 1896 likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ya kawo ɗamarar da ake naɗawa a damtse a hura mata iska. A 1905 likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano cewa in ka saurari jijiya ana sassauta iskar, za ka ji inda bugu ya fara da inda ya ɓace. Daga nan lambobi biyun suka fito, ta sama da ta ƙasa.

7/ Wato abin da ake naɗa mana a asibiti da kemis ya haura shekara ɗari. To da an samu ma'auni sai mutuwa ta ragu? Ina! Shekaru da dama likitoci na ganin hawan jini dabara ce ta jiki don tura jini cikin jijiyoyin da suka tsufa, saukar da shi ma haɗari ne.

8/ Ku duba Franklin Roosevelt, shugaban Amurka. Ana auna shi a kai a kai, lambobin na ta hawa a gaban likitocinsa. Ranar 12 ga Afrilu 1945 jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, awon ya kai wajen 300/190, ya rasu yana da shekara 63. Shugaban ƙasa guda, ga ma'auni, babu ingantaccen magani.

9/ Bayan shekara uku, a 1948, aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham. Wannan bincike ya nuna ƙarara cewa hawan jini na kai mutum ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayoyi masu sauƙin sha suka fito. A 1967 gwajin Edward Freis ya tabbatar cewa shan magani na rage faɗuwar.

10/ Ku lissafa: daga ɗamarar Riva-Rocci zuwa wannan tabbaci shekara 71. Sanin lamba kaɗai bai taɓa warkar da kowa ba.

11/ Mu dawo gida. A 1929 wani likitan Turawan mulki a Kenya, Donnison, ya rubuta cewa da wuya ya ga hawan jini a jikin 'yan Afirka. Aka daɗe ana ɗaukar abin a matsayin cutar Turawa. Har yau za ka ji ana cewa ciwon masu kuɗi ne, ko na masu yawan tunani.

12/ Masana irin su Farfesa Oladipo Akinkugbe na Jami'ar Ibadan suka bi garuruwa da ƙauyuka suna awo a shekarun 1960. A 1972 ya fitar da littafi sukutum kan hawan jini a jikin ɗan Afirka. Ashe cutar na nan tare da mu, awon ne bai iso ba.

13/ Ga wanda ya fi kusa da mu. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Eldryd Parry, suka lura masu jego na zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza. A 1978 suka wallafa bayanin mata 224 a Zariya. Da yawansu jininsu a sama yake lokacin da aka kawo su.

14/ Suka yi zargin al'adunmu na jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa na ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Ba zagin iyayenmu nake ba, gata suke yi. Amma duk ɗan yankin Funtuwa da Malumfashi ya san kunun nan bai bar gidajenmu ba.

15/ To yanzu agogo. A Satumba 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da faɗakarwar hawan jini ta Apple Watch. Ku lura da kyau: ba ya ba ka lamba. Haske yake haskawa a fata, ya duba yadda jijiyoyi ke amsa bugun zuciya tsawon kwana 30. In ya ga alama, sai ya turo saƙo.

16/ Me saƙon ke cewa ka yi? Ka nemi ɗamarar damtse, ka auna kanka kwana bakwai, ka kai wa likita. Agogon Samsung kuwa yana ba da lamba, amma sai ka riƙa daidaita shi da ɗamara duk sati huɗu. Duk tsadar agogo, wurin Riva-Rocci yake mayar da kai 😅

17/ A gwajin da Apple ya gabatar da kansa, cikin masu hawan jini goma wajen huɗu kawai agogon ya faɗakar. Shida ya yi musu shiru. Cikin masu lafiya kuwa, fiye da tara cikin goma bai tayar musu da hankali a banza ba.

18/ Ma'ana: in ya yi magana, ka ɗauka da gaske, ka je a auna ka. In ya yi shiru, bai wanke ka ba. A nan haɗarin yake, domin shirun agogo da shirun cutar iri ɗaya ne. Mutum na noma, yana cin tuwonsa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jijiya na gab da fashewa.

19/ Kuma ba don kowa aka yi shi ba. Ban da wanda bai kai shekara 22 ba, ban da wanda aka riga aka gano yana da cutar, ban da mai juna biyu. Ku tuna matan Zariya. Mai ciki, wadda hawan jini ke iya jefawa cikin jijjiga, ba ta cikin lissafin.

20/ Ban ce ba shi da amfani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba. In agogo ya farkar da ko kaɗan daga cikinsu, alheri ne. Amma manomi nawa a Matazu ke da iPhone, balle agogonta, balle wutar cajinsu kullum?

21/ Abin da ke zuwa hannunmu shi ne irin nawa, mai auna rake. Shi ya fi rashin agogo muni, don rashin sani na iya kai ka asibiti wata rana, amma tabbacin ƙarya zaunar da kai yake yi.

22/ Akwai hanyar da ta fi dacewa da mu. A 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya da Resolve to Save Lives suka fara shirin daƙile hawan jini a jihohin Kano da Ogun: awo a ƙananan asibitoci, tsarin magani mai sauƙi, ma'aikacin lafiya na kusa da gida ya riƙa bibiya. Ba sai an je birni ba.

23/ Kafin irin wannan ya game ko'ina, ga namu aikin. 'Yan gida ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar damtse mai batir. A zauna minti biyar, a jingina baya, hannu daidai ƙirji, ba hira. In ana ta samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a je asibiti.

24/ In an ba da magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule da kanwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ƙasa da giram 5 na gishiri ne a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a yi addu'a a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

25/ Kawu na nan da rai, Alhamdulillah. Yana takawa da sanda, bana 'ya'yansa suka yi masa noma. Mun sayi na'urar damtse, tana ɗakin Inna. Duk Juma'a bayan masallaci ake auna manyan gida, maƙwabta ma sun fara leƙowa. A satin farko aka samu mutum biyu da ba su san suna da shi ba.

26/ Agogon yana hannuna har yanzu, lokaci nake dubawa da shi. Ku kira gida yau ku tambayi Baba da Inna yaushe rabon da a auna su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu nisan kwana. Amin 🤲