Awon Abin Da Ba Ya Hawa Sikeli

A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wata ƙaramar tukunyar nukiliya da aka samo daga ƙasar Sin, aka fara kunna ta cikin shekarar 2004. Duk sa'ad da ta ke aiki, waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai su kan fito daga cikinta, su ratsa bango, su ratsa mutanen Zabi da Sabon Gari, ba wanda ya san sun wuce. Masana suna kiran irin wannan ƙwaya nutirino. To, abin da bango bai tare shi ba, ƙaƙa za a san nauyinsa?

Wolfgang Pauli ne ya fara cewa lalle akwai ta, cikin 1930, amma ba a kama ta ba sai 1956, sa'ad da Reines da Cowan suka yi kwantonta kusa da wata babbar tukunyar nukiliya a Amurka. Aka daɗe ana zaton ba ta da nauyi ko kaɗan, har 1998, da wani gwaji a Japan ya nuna tana rikiɗa a kan hanya, abin da ba ya yiwuwa sai da nauyi.

Ga dabarar da masana suka yi. Tun 1935 Maria Goeppert-Mayer ta lissafa cewa cibiyar waɗansu ƙwayoyin zarra tana iya sakin ilektiron biyu da nutirino biyu gaba ɗaya. Kowace ƙwaya kuwa tana da kishiya, amma cikin 1937 Ettore Majorana na Italiya ya ce watakila nutirino ita ce kishiyar kanta. In haka ne, wani lokaci ilektiron biyun za su fito su kaɗai, kuma gwargwadon nauyin nutirino, gwargwadon yawan aukuwar abin.

Saboda haka masana suka shiga ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya da ƙarfen jamaniyam, suka zauna jira. Cikin 2020 suka ba da labari ba su ga ko ɗaya ba. Amma shirun nan ma magana ne. Ya nuna kafin rabin ƙarfen ya rikiɗe ta wannan hanya, sai an yi shekarun da suka wuce 1 mai sifiri 26 a bayansa. Watau in maganar Majorana gaskiya ce, nauyin bai wuce 0.18 ba, a ma'aunin da ilektiron ke da 511,000.

Kada mai karatu ya ce wahalar banza ce. Ran da aka ga wannan rikiɗa, za a sami bakin zaren wata tsohuwar tambaya: me ya sa ƙwayoyin da aka gina jikinmu da su suka rinjayi kishiyoyinsu tun farkon duniya? Har yanzu ana can ana jira, mahaƙurci kuwa mawadaci ne.