Shin sauya birki yana sa mota ta tsaya da wuri?

Masu motoci da yawa suna ɗauka cewa in an sa wa mota birki mafi girma ko mafi tsada, za ta riƙa tsayawa nan take. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a san abin da ke tsai da mota.

Aikin birki shi ne ya hana ƙafar mota juyawa. Amma taya ce take riƙe hanya, kuma wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, ƙafafu suka kafe, mota ta ci gaba da jan taya a kan kwalta, to birkin ya riga ya yi iyakar aikinsa. Ƙarfinsa ya fi riƙon taya. A wannan hali sabon birki ba zai rage ko taki ɗaya ba. Abin da zai taimaka shi ne taya mai zane, mai iska daidai. Tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba ta suɗe, kuma haɗarinta ya fi yawa da damina. Yashi a kan kwalta ma yana rage riƙo ƙwarai.

Sai batun gudu. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin wajen mita 14 cikin sakan ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Daga nan tana bukatar kamar mita 14 kuma a busasshiyar kwalta. In gudun ya kai kilomita 100, tazarar birki ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu ne: kusan mita 56. Babu birkin da ake sayarwa da zai sauya wannan lissafi.

To, yaushe babban birki yake da amfani? Lokacin da zafi ya yi yawa. Birki yana aiki ne ta hanyar guga, guga kuwa tana haifar da zafi. Motar da aka labta wa kaya da mutane ran kasuwa, ko wadda ke sauka doguwar gangara, birkinta yana ɗaukar zafi har ya soma sanyin kamu. Babban faifai ya fi jure wannan. Sai dai a ganinmu rage kayan ya fi araha.

Sau da yawa ma gyara ake bukata, ba sauyi ba. A duba fatar birki ko ta cinye. A duba ko mai yana yoyo. Man birki yana shan danshi, saboda haka masu ƙera motoci da dama suna cewa a sake shi duk shekara 2. In an taka birki aka ji ya yi laushi, wataƙila iska ce ta shiga, sai bakanike ya fitar da ita.

Wanda yake son tabbaci ya gwada. A sami miƙaƙƙiyar hanya da babu mutane ko dabbobi, a ja layi. A zo da gudun kilomita 40, a taka birki sosai daidai layin, a auna tazarar da taki. A yi sau 3 kafin sauyi, sau 3 bayansa, da kaya iri ɗaya a hanya ɗaya, sannan a gwama.